Ranar da Na Riƙe wa Inna Eriya

Ban ga ƙanwata a talabijin ba. Duk matan unguwarmu sun gan ta, har da waɗanda suka yi sati guda suna yi mini dariya, amma ni da na jawo maganar tun farko ban ga ko gefen hijabinta ba. Idan aka tayar da zancen a gida nakan ce ai ina wurin. Kuma gaskiya ne, ina wurin, sai dai ina sama da kan kowa.

A shekarar da na gama kwalejin horon malamai na dawo garinmu, wani ɗan gari a ƙasar Bukkuyum, ina jiran a kira ni aiki. Ba a kira ni ba. Sai na zama mai taya Inna aikin gida da rabin hankali, ɗaya rabin yana cikin wani littafi mai shuɗin bango da nake rubuta waƙoƙi a ciki. Na sha ƙona miya ina neman kalmar da za ta dace da launin sama bayan la'asar. Inna ba ta yi mini faɗa. Ni ce 'yar fari, ba ta kiran sunana, ba ta kuma cika duban idona ba. Sai dai ta ɗaga murfin tukunya, ta shinshina, ta ce da bango, "Wata dai ta tahi yawo ta bar jikinta nan."

Autarmu ba irina ba ce. Ita tun tana ƙarama idan ta kama abu sai ta ga ƙarshensa, abin da ta kama kuwa shi ne haddar Alƙur'ani. Inna ba ta yi boko ba, karatun allo ma a ƙananan surori ta tsaya, amma ita ce ke tashin Auta da asuba shekara da shekaru, ta zauna gefe tana tsince wake tana saurare. Ba ta san baƙin rubutun ba, kunnenta ne ya haddace muryar. Idan Auta ta yi tuntuɓe, kafin ta gyara Inna ta riga ta ce, "Ba haka kika ja shi jiya ba."

To, a farkon daminar shekarar aka zaɓi Auta ta je Gusau gasar karatu ta 'yan mata. Baba ne zai raka ta. Inna ba za ta je ba: gwiwarta ba ta jure zaman mota, kuma hanyar nan a shekarun nan ba a ɗaukar gida guda a zuba a mota ɗaya. Mutum biyu su tafi, sauran su zauna su yi addu'a. Malamin Islamiyyarsu ne ya zo da labarin cewa gidan talabijin na jiha zai nuna karatun ranar ƙarshe kai tsaye, ranar Asabar bayan la'asar. Inna tana tankaɗe lokacin da Baba ya shigo da maganar. Ba ta ɗaga kai ba. Ta ce, "Ashe wasu za su gan ta."

Abin da ta ce ke nan, ta ci gaba da tankaɗe. Ni kuwa maganar ta shige ni kamar ƙaya. Na miƙe tsaye, har da dafa ƙirji, na ce, "Inna, za ki gan ta. Daga cikin ɗakinki za ki gan ta." Saura kwana goma. Ban taɓa kama ko ƙusa da guduma ba.

Talabijin dai muna da ita, wata ƙarama da muke kallon wa'azi na faifai da ita, batirin sola ke ɗaukar ta. Akwai gidaje biyu masu dish, farantin tauraron ɗan'adam, a unguwar, amma su Makka suke gani da ƙwallon Turawa, tasharmu ta jiha ba ta cikin abin da ke sauko musu. Waya kuwa, sai ka je gindin tsamiyar bakin kasuwa ka ɗaga hannu kafin sabis ya tuna da kai. Eriya ake buƙata. Wannan na sani, domin na karanta. Matsalata ke nan a duniya, komai na karanta.

Kawu, ƙanen Inna, mai gyaran babura, shi ya kai ni Gummi ranar kasuwa. Tun da na shiga kwaleji ya daina kirana da komai sai Malama, kuma yadda yake jan kalmar ka san ba girmamawa ce zalla ba. A shagon kayan wuta mai shago ya sauko mana da iri biyu. Ɗaya doguwa ce, mummuna, ƙarafa sirara jere a jikin sanda, kamar ƙayar kifin da aka cinye aka bari a faranti. Ɗayar kuwa, wayyo. Fara ce sol, zagayayya kamar wata daren sha huɗu, da ɗan shuɗin haske a tsakiyarta. A jikin kwalinta an zana wasu mutane zaune a fararen kujeru suna dariya, haƙoransu duk a jere.

Mai shago ya tambaye mu garinmu. Da Kawu ya faɗa masa, sai ya tura mini ƙayar kifin.

"Wannan ce taku, Hajiya. Waccan ta mutanen cikin birni ce, waɗanda ke kwana gindin tasha. Ku kuna da nisa, sai an ɗaga sama."

Na ɗauki kwalin farar na juya bayansa, na karanta masa Turancin da ke jiki da ƙarfi, na fassara masa kyauta. An rubuta tana kamo hoto daga nesa ƙwarai. Na ƙara masa da bayanin cewa fasaha ta ci gaba, yanzu ba girman abu ake dubawa ba. Ya saurare ni har na gama, cikin ladabi irin na wanda ya saba sayar wa masu ilimi kaya.

Kawu ya ce, "Ba ta abin da take so, malam. Ita ce mai takarda. Ni in an ce tayar babur, to nan ina da baki."

Gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba ita ce, tun kafin in karanta kwalin na riga na zaɓa. Na hango ta a kan tagar ɗakin Inna, fara, tana haske, har na fara jin baitin farko yana zuwa.

A gida na share taga, na shimfiɗa ɗan kyalle, na ɗora ta. Na jona waya, na kunna. Allon ya cika da tsaki-tsaki fari da baƙi, kamar an watsa gero a kan tabarma, da wani shuuu irin na ruwa a kan kwano. Na matsar da ita dama, na matsar hagu. Na ɗora ta kan randa. Na fito da ita tsakar gida na ɗaga sama da hannu biyu kamar mai roƙon ruwa. Shuɗin haskenta yana ci, kyakkyawa, babu abin da ya dame ta. Inna ta leƙo, ta daɗe tana duban geron nan, ta ce, "To, ko kaji ma a kira musu."

Kwana biyu ina fama kafin na yarda. Kawu ya je Anka sayen kayan gyara, ya dawo da tsohuwar eriya ɗaure a bayan babur, wani abokinsa ne ya ba shi, tun da ya sa dish ta koma shanyar tsumma. Ƙayar kifi ce sak, har ta fi ta shagon muni, haƙarƙari biyu sun karye. Ya jingine ta a zaure ya ce, "Ga amaryarki ta biyu, Malama. Ba ta da kyau, amma an ce tana da biyayya."

Sai maganar ɗagawa. Ɗakin Inna soro ne, rufin ƙasa, kuma shi ne mafi tsawo a gidan. Za a ɗaura eriyar a kan gora, a kafa gorar a saman soron, a ɗaure ta da waya a jikin zanko, 'yar tulluwar nan da magina ke fitarwa a kusurwar gini. Amma a garinmu namiji ba ya tashi kawai ya hau soro. Daga sama ana ganin tsakar gidaje huɗu ko biyar, da madafa, da makewayin da ba su da rufi, mata kuwa a cikin gidajensu da ɗaurin ƙirji suke aikinsu. Don haka sai an bi gida-gida an sanar, an ba mutane lokaci su kimtsa, sannan mai hawa ya ɗaga murya kafin ya taka tsani. Idan ya hau kuma, idonsa a kan hannunsa zai tsaya har ya sauko. Mai daka ta bar turmi, mai wanki ta bar kumfa, kowa ta shige ɗaki ta jira. Abu ne da ake yi wa juna, musamman gab da damina lokacin yaɓe, amma ana so mutum ya yi abin da zai yi sau ɗaya ya gama.

Ni na bi gidajen. A gidan da ke bayanmu, wanda katanga ɗaya ta raba mu, akwai dattijuwar da muke kira Gwaggo duk da ba mu haɗa jini ba. 'Yarta ta zo haihuwar fari gida, ba a daɗe da yin suna ba, tana wankan jego safe da la'asar. Gwaggo ta saurare ni tana hura wuta a ƙarƙashin wata ƙatuwar tukunya.

"Soron ne ke zuba?"

"A'a, Gwaggo. Eriya za a kafa."

"Mi ne ne eriya?"

Na fara bayani a kan igiyoyin da ke tafiya cikin iska ba a ganinsu. Ta ɗaga mini hannu.

"Ɗiyata, ki ce masa shi hau da hantsi, shi sauko kahin azahar. Ban da la'asar. La'asar tawa ce da mai jego."

Washegari da hantsi Kawu ya tsaya gindin tsani ya yi kira, "Za a hau soro! A kimtsa!" Na ji turame sun yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Ya hau, na miƙa masa gora. Da ya kafa sai ya tambaya, kansa a sunkuye, "Ina za ta duba, Malama?"

Wannan ma na karanta: bakin eriya tashar talabijin yake fuskanta. Tasha tana Gusau. Ina Gusau take? Ai ko yaro ya sani. Duk motar da za ta Gusau daga tashar motar garinmu, ta gefen makarantar firamare take fita, ta yi arewa, ta ɓace bayan itatuwan dorawa. Sau nawa na tsaya ina kallon wannan hanya ina saka mata baiti. Ta nan na tafi kwaleji, ta nan na dawo. Na miƙa hannu arewa ba tare da ko ɗar ba.

"Can."

Ya juya ta can, ya ɗaure tam da filaya, ya sauko, ya yi kiran an sauka. Turame suka ci gaba. Muka shiga ɗaki muka kunna. Gero. Amma wannan karon, idan ka ƙanƙance ido, akwai wata inuwa a cikin geron, kamar mutum a bayan labule, da wata murya can ƙasan rijiya. Na yi tsalle. Na ce tsawo ne bai isa ba, a ƙara gora.

Inna tana zaune bakin gado tana shafa wa gwiwarta man zafi. Ta ce, ba da ni take ba, da Kawu take, "Ni dai na san ruwan da duk ya zo muna, sai ya jiƙa Anka tukuna. Mutanen Anka kuma su ce daga Gusau ya taso musu. Ban taɓa ganin hadari ya hito ta wajen makaranta ba."

Ina jin kunyar abin da na yi a nan har yau. Murmushi na yi. Irin murmushin da malamanmu ke yi idan ɗalibi ya ba da amsa mai ban tausayi. Na ce, "Inna, ai hadari daban, wannan daban. Wannan kimiyya ce." Ta ce, "To," ta rufe kwalbar man.

Ranar Laraba Baba da Auta suka tafi. Na raka su tasha, na tsaya har motar ta yi arewa ta shige bayan dorawa, na ƙara tabbatar wa kaina. Ranar Alhamis na sake bin gidaje. Wannan karon fuskokin sun canja. Wata ta ce ko gidan sama muke ginawa. Wata ta ce ta jiƙa gero tun safe, idan ya yi tsami ni za ta kawo wa in sha. Gwaggo ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Jiya-jiya aka hau. Wai abin nan tsiro yake yi, sai an riƙa duba shi?"

Kawu ya sake hawa, ya haɗa gora biyu, eriyar ta yi sama har tana rangaji. Ta fi komai tsawo a unguwar ban da hasumiyar masallaci. Tana nan tana duban arewa da haƙarƙarinta biyu a karye. Inuwar ta ɗan ƙara fitowa, har muka gane mutum ne da hula, amma ko namiji ne mai karanta labarai ko buhu ne aka jingine, ba mai iya rantsuwa. Na ce gajimare ne ya tare, ranar Asabar zai washe. Na faɗi haka da murya mai ƙarfi, don kada in ji abin da cikina ke faɗa mini.

Ranar Juma'a Baba ya samu ya kira wayar Kawu, ya ce Auta ta tsallake, tana cikin waɗanda za su yi karatu gobe. Inna ta ce alhamdu lillahi, ta tashi ta share ɗakinta, ta fito da sabuwar tabarma. Ta aika wa maƙwabta cewa duk mai so ta zo gobe bayan la'asar. Ba ta tambaye ni ko hoton zai zo ba. Na ce za ta gani, ta ɗauka za ta gani. Da ma ta tambaya, da na samu wurin yin bayani.

Asabar ta zo da zafi mai nauyi, irin wanda ganye ba ya motsi. Tun azahar nake gaban talabijin ina murɗa abin da ba ya murɗuwa. Aka yi la'asar. Mata suka fara shigowa da hijabansu, suna zama a tabarma, suna gaishe da Inna da gwiwa. Allon yana ta zuba gero. Daga cikin shuuu ɗin nan sai na ji sautin karatu, can nesa, yana zuwa yana ɗaukewa. An fara. Wata yarinya ce, ba Auta ba, amma an fara.

Inna ta sa sabon kallabi. Ta zauna daf da allon, hannuwanta a kan cinya, tana duban tsaki-tsakin nan kamar idan ta yi haƙuri zai tausaya mata.

Na fita da gudu na sami Kawu a zaure. Na ce, "Kawu, don Allah ka hau ka juya ta."

"In juya ta ina?"

Na ce, a hankali, "Gabas."

Ya dube ni, bakinsa yana rawa da dariyar da ya danne. Ya ɗauko tsani ya jingine. Ya cika ƙirji zai yi kira ke nan, sai muryar Gwaggo ta tsallako katanga, domin ta ji ƙarar tsanin.

"Kada wanda ya hau mini soro yanzu! Ruwa na kan wuta ya tafasa, yarinya ta tuɓe! Na hwaɗa muku la'asar tawa ce!"

"Gwaggo, minti biyar!"

"Ko ƙiftawar ido! Ruwan jego ba shi jiran kowa, in ya huce ke za ki sake dahwa shi?"

Kawu ya saki tsanin ya ja da baya. Ba abin da zai sa ya hau, ni ma ba zan so ya hau ba. Wankan nan da ganye da addu'o'insa yakan ci kusan sa'a guda. Kafin a gama wankan, an gama karatun.

Muka tsaya muna duban tsanin, ni da shi. Sai Gwaggo ta ƙara, cikin faɗa, tana buga murfin tukunya, "In abin ya matsa muku, ita mai eriyar ba ta da ƙahwa ne? Ai mace ce!"

Ban taɓa tunanin haka ba. Ba wanda ke sanarwa don mace za ta hau soro, domin dai ba a saba ganin mace a can ba. Ni ko kujerar tsakar gida na taka don in ɗauko abu a kan rumfa sai jiri ya ɗebe ni. Na leƙa ƙofar ɗaki, na hango bayan Inna da sabon kallabinta, ba ta motsa ba. Na tuɓe takalma, na ɗaure hijabina a ƙugu, na ce Kawu ya riƙe mini tsani ya kuma rufe idonsa.

"Malama, in na rufe ido wa zai gaya wa Inna inda kika hwaɗo?"

Ban san yadda na kai sama ba. Na dai san na karanta duk addu'ar da na iya, har da ta shiga kasuwa. Na rarrafa a kan rufin da gwiwa, ƙasar tana da zafi kamar tanda, na rungume zanko kamar ɗan'uwana da ya dawo daga tafiya. Sannan na buɗe ido.

Ga garinmu duka a shimfiɗe. Ga tsamiyar bakin kasuwa, ga makarantar firamare, ga hanyar mota ta fita ta yi arewa, yadda na sani. Ta wuce dorawa. Daga nan kuma, a bayan gonakin da aka fara huɗa, sai ta yi wani lanƙwasa mai faɗi kamar lauje, ta juya ta miƙe gabas, ta tafi abinta har inda ido ya ƙare. Wani dutse take kauce wa, shi ke nan. Na bi wannan kwana a mota ya fi a ƙirga. Ina dai cikin motar, amma kamar yadda Inna ta ce, na bar jikina ne kawai a wurin. Can kuma ƙarshen gabas, daidai inda hanyar ta nufa, hadari ya fara haɗuwa, baƙi, siriri, kamar an ja kwalli a gefen sama.

Wayar da Kawu ya ɗaure ta yi tauri. Na warware ta da yatsu, ta yanke ni a biyu daga ciki. Gorar ta saki, nauyinta ya zo mini gaba ɗaya. Na rungume ta na fara juyawa a hankali, ina kallon bakin ƙayar kifin nan yana barin arewa.

Kawu ya koma bakin ƙofar ɗaki, kansa a waje, kunnensa a ciki, matan suna faɗa masa yana miƙo mini.

"Sun ce ƙara! Ƙara kaɗan! Ya zo! A'a, ya tahi, kin wuce! Koma! Koma, Malama, ba tuƙin tuwo ba ne! Tsaya! Tsaya haka! Kada ki numfasa!"

Daga ƙarƙashin ƙafafuna na ji shuuu ɗin ya ɗauke ɗif. Murya ta fito tas, kamar mai karatun tana cikin ɗakin. Na ji matan sun yi salati a tare.

Na laluba wayar in ɗaure. Filaya tana aljihun Kawu. Da na saki hannu ɗaya, iskar da ta fara tasowa ta karkata gorar, aka yi ihu daga ƙasa. Na mayar da hannun. A nan na gane matsayina a wannan biki: ni ce ɗaurin.

Haka na tsaya, rungume da gora, fuskata a gabas. Yarinya ta biyu ta yi karatu, ta uku ta yi. A tsakar gidan Gwaggo tururi yana tashi, mai jego tana zaune an lulluɓe ta, ta ɗaga kai ta gan ni, ta fashe da dariya har Gwaggo ta kai mata duka da ganyen wanka. Sai mai jegon ta ɗaga mini hannu. Ban iya mayar mata ba.

Sannan na ji Auta. Ba sai an gaya mini ba, muryar da ke tashina da asuba ce ina jan bargo ina ƙunƙuni. Ta fara a ƙasa-ƙasa yadda ta saba, sannan ta buɗe. Ko Kawu ya daina magana. Muryar tana fitowa ta tagar da na ɗora farin watana, tana hawowa sama ta same ni. Na so in yi kuka, amma kuka yana girgiza kafaɗa, kafaɗa kuma tana girgiza gora. Na haɗiye. Na kafa ido a kan hadarin, wanda ya riga ya ci rabin gabas, ina roƙonsa a zuci ya ɗan tsaya a Anka ya gaisa da mutane.

Ban san tsawon lokacin da ta ɗauka ba. Na dai ji ta kai aya ta tsaya, matan suka ɗauki kabbara da barka, wata ta rangaɗa guɗa aka ce mata ta bari ba biki ba ne. Iska ta kaɗa mai sanyi, mai ƙanshin ƙasa. Sai na ji muryar Inna a tsakar gida, ta fito da gwiwar tata, tana cewa Kawu, "Ce wa waccan ta sauko. Ƙarhe ne a hannunta, ga hadari."

Na kwantar da gorar a kan rufin, na sauko da baya. Ina taka ƙasa ɗigon farko ya faɗo. Matan suna fita da sauri suna kwashe shanya, kowace ta wuce sai ta ce sannu Malama, wasu da dariya, wasu ba dariya. Gwaggo ta iso a makare, hannunta duk toka, aka ce mata an gama, ta ce to ai ita ta ji ta katanga, kuma ta ga abin da ya fi talabijin a kan soro.

Kawu yana kawar da tsani na ce masa, "Kai da kake bin hanyar nan kullum, ba ka san ta juya gabas ba?"

"Na sani mana."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Na ɗauka shi ma hoton hanyar mota yake biyowa. Ke ce mai takarda."

Auta ba ta zo ta ɗaya ba, ta dawo da takardar yabo da atamfa. Inna ba ta damu da wannan ba ko kaɗan. Da yammacin Asabar ɗin, ruwa yana zuba ta indararo, na zauna a ɗakinta ina hura yatsuna. Ta jawo hannuna ba tare da ta dube ni ba, ta shafa mini man kaɗanya a inda wayar ta yanka. Na ce, "Inna, yaya take? Kin gan ta sosai?"

Ta ce, "Hijabin ya karkace ta nan gehen. Ba wanda ya gyara mata." Ta nuna a kan kuncinta. "Ta rame kaɗan. Da ta zo wurin nan da take tuntuɓe kullum, sai ta runtse ido, ta wuce shi lahiya lau." Ta ƙara da cewa, "Har ɗan tabon goshinta na gani."

Abin da na gani na wannan rana ke nan, kuma ya ishe ni. Duk lokacin da na tuna Auta a talabijin, da karkataccen hijabi nake ganinta.

Bayan kwana biyu aka bi gidaje karo na uku, Kawu ya hau da hantsi ya ɗaure eriyar tana duban gabas. Bai tambaye ni ina za ta duba ba, Inna ya tambaya. Farar kuwa tana nan har yanzu. Inna ta cire mata waya, ta gano faɗinta daidai yake da bakin ƙwaryar da take ajiye nono.